Idan jita ba za ta matsa ba, a bar masu goge su zauna a gida

Gogen Turawa guda ɗaya a hannun gwani yana cika ɗaki da amo. Idan aka tara guda 16 suka ja tare, mutum zai zaci ƙarfin ya ninka sau 16, amma lissafin sauti ba haka yake tafiya ba. Duk lokacin da aka ninka yawan makaɗa, desibel 3 kacal ke ƙaruwa a ma'aunin ƙarfin sauti. Daga mutum ɗaya zuwa 16 ninki huɗu ke nan, wato desibel 12. Mai jitar lantarki kuwa, da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai wat 100 da akwati mai lasifika huɗu, da yatsu biyu zai murɗa maɓalli ya tsallake wannan tazara, ya kuma wuce ta nesa. Cikakkiyar okestira, wato babbar tawagar makaɗan gargajiyar Turai, tana da masu kayan tsirkiya wajen 60: goge na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, sai manyan bes na tsaye 8. Yaro ɗaya mai jita yana iya binne su gaba ɗaya ba tare da ya yi gumi ba.

Daga wannan lissafi ya kamata a fara duk wata muhawara kan ƙungiyoyin rok da metal masu ɗauko okestira su saka a faifansu. Shekara fiye da 50 ke nan ana yi, ana kuma jayayya: wasu na ganin ɗaukaka ce ga kiɗan da aka daɗe ana kira hayaniya, wasu na ganin neman suna ne da kayan aro. Ra'ayina shi ne haɗin yana da daraja ƙwarai, amma da sharaɗi guda mai tsauri. Dole jita ta yarda ta matsa, ta bar fili, wani lokacin ma ta yi shiru baki ɗaya. Inda ta ƙi, kuɗin da aka biya mutum 80 asara ce, kuma wulaƙanci ne ga mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna koyon jan tsirkiya.

Abin da ke sa jitar metal nauyi shi ne gurnani. Ana tura sautin tsirkiya cikin amfilifaya fiye da abin da za ta iya ɗauka, sai ta yanke kan igiyar sautin, kuma wannan yankan yana haifar da tarin ƙananan amo a saman na asali. Bari mu kira su 'ya'yan amo. Tsirkiya mafi kauri ta jita tana girgiza sau 82 a sakan ɗaya, wato Hz 82. Idan ta bi ta gurnani, sai a ji 164, 246, 328, haka har sama, kowanne da ƙarfinsa, har zuwa wajen Hz 5,000 inda lasifikar jita ke gajiya. Ma'ana, jita ɗaya tana shimfiɗa tabarmarta tun daga ƙasa har kusa da sama, kuma a faifan metal ba ɗaya ake ɗauka ba. Ana ɗaukar layi guda sau biyu, wasu sau huɗu, a jibge hagu da dama. Kuge na mai ganga ya rufe abin da ya rage a sama, bes da babbar ganga su toshe ƙasa. Ina celo zai zauna? Amonsa mafi ƙasa Hz 65 ne, kuma daɗinsa yana tsakanin nan da 'yan ɗaruruwa, daidai cikin gurnanin. Biyola ma haka, ƙahon Faransa ma haka, basun ma haka. Waɗannan su ne naman okestira, su ke ba ta ɗumi da kauri, kuma su ne na farko da ke nutsewa.

Abin da ke tsira kaɗan ne: goge idan ya hau can ƙololuwa, ƙaramar sarewa, kakakin Turawa idan ya soka amo kamar mashi, da muryoyin mata na ƙungiyar rera waƙa. Shi ya sa faifai da yawa na wannan fanni suke kama da juna, goge na kuka a sama, kakaki na sara lokaci zuwa lokaci, kamar kiɗan tallar fim ɗin yaƙi. Ba ƙarancin basirar mai tsarawa ba ne kullum. Sau da yawa ya rubuta abu mai kyau a tsakiya, injiniya ya ɗauka da kyau, amma kunne ba ya iya tsamo shi, domin amo mai ƙarfi yana rufe mai rauni idan suna zango ɗaya. Manyan bes takwas su ne abin tausayi: tsirkiyarsu ta ƙasa Hz 41 ce, daidai da ta bes ɗin lantarki. Idan aka ce su bi layinsa, mutum takwas ne ke aikin da babu mai ji.

Alhali kuwa akwai ƙofa a buɗe, wadda ita kanta jitar ta bari. Idan amo biyu suka shiga gurnani tare, suna haifar da na uku, wanda shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Amon tushe da na biyar ɗinsa, wato do da so a jerin do-re-mi, suna kan lissafin biyu da uku: 82 da 123, bambanci 41, daidai rabin tushen, don haka sai nauyi ya ƙaru ba tare da ƙazanta ba. Amma idan aka saka amo na uku na jerin, wato mi, lissafin ba ya faɗawa daidai a jita, sai sautin ya dagule kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Wannan ne dalilin da ya sa masu metal suka fi riƙe tushe da na biyar kawai. To amo na ukun nan da suka bari shi ne ke faɗa wa kunne ko kiɗan na murna ne ko na makoki. Gurbinsa fanko yake. Mai tsara kiɗa da ya san aikinsa zai ba goge ko ƙaho wannan amon, can sama da jita da ninki biyu, sai ga shi okestira ce ke yanke hukuncin launin waƙar baki ɗaya. A wurina wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema kafin a ce an yi haɗi: a cire okestira, waƙar ta canza ma'ana. Idan an cire ta waƙar tana nan yadda take, kwalliya aka yi mata.

Da wannan ma'auni nake auna faifan da ya fi kowanne suna a wannan fage, S&M na Metallica, wanda aka ɗauka a Berkeley ranakun 21 da 22 ga Afrilun 1999 tare da okestirar San Francisco, Michael Kamen na jagoranta. Kamen gwani ne, ya yi kiɗan finafinai da dama, ya kuma yi aiki da Pink Floyd tun kafin nan. Sai dai an miƙa masa gida ginanne, ɗakuna cike da kaya, aka ce ya shigo da iyalinsa. Yawancin waƙoƙin an rubuta su shekaru kafin ranar, wasu fiye da goma, jita biyu sun riga sun cike kowane lungu, kuma ƙungiyar ta kaɗa su kusan yadda ta saba. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta wani layi dabam da ke yawo a sama. A waƙoƙi masu gudu, sai ka ji kamar rediyo biyu aka kunna a ɗaki ɗaya. Inda abin ya zauna daram shi ne a dogon kiɗan nan marar murya, The Call of Ktulu, wanda dama yana da sarari da hawa a hankali, har ya ci kyautar Grammy a 2001, da kuma No Leaf Clover, ɗaya daga cikin sababbin waƙoƙi biyu da aka fara kaɗawa a wannan taro. A wannan ta biyun okestira ce ke buɗe waƙar, jita ta jira layinta. Faifan da kansa ya ba da shaidar cewa matsalar a rubutu take, ba a makaɗa ba. Da suka sake yi a Satumban 2019 a zauren Chase Center da ke San Francisco, wurin da ya fi ratsa mutane shi ne lokacin da Scott Pingel, shugaban masu bes na okestirar, ya kaɗa layin marigayi Cliff Burton, tsohon mai bes na Metallica, a kan bes na tsaye mai lantarki, jitoci suna gefe.

Wannan rigima ta girmi Metallica. Ranar 24 ga Satumban 1969, Deep Purple suka hau dandalin Royal Albert Hall a Landan da okestirar Royal Philharmonic, Malcolm Arnold na riƙe da sanda, suka kaɗa abin da mai fiyanonsu Jon Lord ya rubuta. Lord ya gane matsalar tun a lokacin, sai ya mayar da ita jigon aikin: a kashi na farko ɓangarorin biyu abokan gaba ne, wannan ya yi nasa, wancan ya katse shi, a na biyu su fara sauraron juna, a na uku su haɗu. Ba dukkansa ne ya yi kyau ba, kuma karɓa-karɓa ba haɗuwa ba ce, amma aƙalla kowa ya samu lokacin da aka ji shi. Takardar kiɗan ta ɓace daga baya. Wani ɗan Holan mai suna Marco de Goeij ne ya zauna yana sauraron faifan da kallon hoton bidiyon yana rubutawa, har aka sake kaɗa shi a 1999.

Matsala ta biyu bayan ƙarfi ita ce lokaci, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke zubar da kuɗi. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, kusan milisakan 3 a kowace mita. Idan tsakanin mai gangar rok da masu ƙaho na layin baya akwai mita 20, bugunsa yana isa kunnensu bayan milisakan 58, nasu amon kuma ya sake ɗaukar lokaci kafin ya dawo gaba. A waƙar da ke gudun bugu 200 a minti, kowane ƙaramin amo na kashi huɗu na bugu milisakan 75 ne. Wato jinkirin hanya kaɗai ya kusa cinye amo guda. Ga shi kuma goge da ƙaho ba sa tashi nan take kamar tsirkiyar da aka tsinka. Sanda sai ta kama tsirkiya, iska sai ta cika bututu. Ga al'ada: mai gangar rok yana zama a kan bugu ko ma gabansa kaɗan, 'yan okestira kuwa sun saba shigowa bayan hannun madugu mai riƙe da sanda ya sauka. Sannan zauren okestira mai kyau yana riƙe amsa-kuwwa wajen sakan biyu. A sakan biyun nan, mai ganga mai gudun 200 ya buga ƙafa fiye da sau 25, duk suna yawo a iska suna hawa kan juna. Zauren da ke sa goge ya yi daɗi shi ne ke mayar da gangar metal ruwan laka.

Maganin da kowa ke amfani da shi yau shi ne kilik, ƙwanƙwasar kwamfuta da ke shiga kunnen kowa ta abin sauraro. Mai son ganin abin da rashinsa ke jawowa ya dubi Atom Heart Mother na Pink Floyd, 1970. Mai bes da mai ganga sun ɗauki gindin kiɗan na minti 23 a zama ɗaya, ba abin da ke riƙe musu gudu, sai ya riƙa sauri yana lafawa. Aka miƙa wa Ron Geesin tef ɗin ya rubuta wa masu ƙaho da celo da ƙungiyar rera waƙa nasu a kai. Ranar ɗauka a Abbey Road ya sha wuya da masu ƙahon, har John Alldis, shugaban ƙungiyar rera waƙar, ya karɓi jagoranci. Faifan ya hau lamba ɗaya a Ingila, amma mai kunne yana jin wuraren da ƙaho ke lalube yana neman inda bugu yake. Shi ma kilik yana da nasa sharri. Masu goge sukan rufe kunne ɗaya su bar ɗaya don su ji amon kansu, kuma idan abin sauraro 60 suna ɗigar da ƙwanƙwasa a wurin da kiɗa ya yi sanyi, makirfo zai kwashe ta, ba kuma ta cirewa. Injiniyan kirki yana rage ƙarfin kilik a layukan sanyi tun kafin ranar, ya ɗaga shi a masu ƙarfi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata zama guda cikin minti biyar. Jitoci an ɗauke su a kan ma'aunin Hz 440, okestirori da yawa na Turai kuwa suna ɗaure tsirkiya a 442 ko 443. Bambancin biyu ko uku kacal, amma idan aka riƙe dogon amo tare za a ji yana rawa sau biyu ko uku a sakan. Dole a sanar da su tun da wuri, domin kayan ƙarfe na bugawa ba a sauya musu ɗauri. Ƙahon Faransa ana rubuta masa takarda sama da abin da zai fito da tazarar amo biyar, kakaki da kilarinet kuma da tazarar amo guda. Wanda ya kwafo layin daga kwamfuta bai juya ba, zai ji abin kunya a gaban mutum 70. Kwamfuta tana riƙe amo minti guda ba ta numfashi, mai ƙaho kuwa mutum ne, dole a bar masa gurbin shan iska, kuma leɓensa yana gajiya idan aka tsayar da shi a sama. Sai maganar saukar da ɗaurin jita. Masu metal suna son sassauta tsirkiya rabin mataki ko fiye don ƙarin nauyi, sai waƙar ta koma wani ma'auni inda goge ba ya samun tsirkiyarsa a sake. Goge yana ɗaure a G, D, A, E, celo a C, G, D, A, kuma jikin katakon ya fi amsawa idan kiɗan na kusa da waɗannan. Waƙa a D ko A tana sa okestira ta yi ƙara da kanta. Waƙa a rabin mataki ƙasa tana dusashe ta tun kafin a kunna amfilifaya. Ƙungiyar da ta san da okestira za ta yi aiki, a nan za ta fara yanke shawara, kafin a rubuta layi ɗaya.

Duk wannan yana da tsada domin agogo ake biya. A Ingila zaman ɗauka awa uku ne, da hutu a ciki, kuma ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ta kayyade minti 20 na kiɗan da za a fitar daga zama guda. Waɗannan mutane ba sa ganin takardar sai ranar, suna karantawa suna kaɗawa, don haka kuskuren kwafi ɗaya a layin biyola yana cin minti goma na albashin kowa. Tsadar ce ta sa ƙungiyoyi suka riƙa nufar Prague: Dimmu Borgir na Norwe sun ɗauki okestira a can don faifansu na 2003, Septicflesh na Girka ma haka tun 2008. Na biyun suna da wata fa'ida da ba kowa ke da ita ba, mai jitarsu Christos Antoniou ya karanci tsara kiɗa a Landan, don haka hannu ɗaya ne ke rubuta ɓangarorin biyu, yana kuma iya hana jitarsa magana idan celo na da abin faɗa. A situdiyo ana yawan raba ɗauka, masu tsirkiya da safe, masu ƙaho da yamma, don injiniya ya iya ɗaga wani ya sauke wani. Yana da amfani, amma ana rasa wani abu: makirfo uku da ake ratayewa sama da kan madugu, tsarin da kamfanin Decca ya ƙirƙiro a shekarun 1950, an yi shi ne don ya ji ɗaki guda yana numfashi tare.

Kashe-kashen ƙarshe a wurin gyaran sauti ake yinsa. Ran okestira yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, wadda kan kai desibel 50 ko fiye. Faifan metal na zamani ana matse shi har tazarar ta koma 'yan desibel kaɗan, don ya fi na maƙwabci ƙara. Idan aka matse, hawan da masu goge suka yi minti biyu suna ginawa sai ya zama shimfiɗaɗɗe, farkonsa da ƙarshensa ƙarfi ɗaya. Kuma yanzu babu ma ribar yin hakan, tunda Spotify da YouTube suna sauke duk waƙar da ta cika ƙara zuwa matakin sauran.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda ni kuwa nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne kunnen makaɗan. Ƙa'idar lafiya ta ce desibel 85 na awa takwas shi ne iyaka, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 100, minti 15 ne kawai. Dokar Tarayyar Turai kan ƙara a wurin aiki ta shafi makaɗa tun 2008, kuma a 2018 wata kotu a Landan ta ba wani mai biyola gaskiya bayan kunnensa ya lalace a wurin gwaji, yana zaune gaban masu ƙaho. Wannan cikin okestira zalla ke nan, babu jita. Mai goge da kunnensa yake gyara amo, yatsa ba ta da alamar da za ta bi. Duk ƙungiyar da za ta zaunar da shi kusa da ganga, wajibi ne ta kai amfilifaya bayan dandali cikin akwati rufaffe, ta kewaye mai ganga da garkuwar roba mai haske, ta maƙala wa kowane goge ƙaramin makirfo, ta ba kowa abin sauraro mai maɓallin da zai rage da kansa. Wanda ba zai iya biyan wannan ba bai isa ɗaukar okestira ba tukuna.

Masu cewa irin waɗannan tarurruka suna kawo matasa ga kiɗan gargajiyar Turai suna da ɗan gaskiya, amma ban yarda shi ne dalilin yin faifai ba. Masu cewa kuma rok ba ya buƙatar rigar kowa don a girmama shi, gaskiyarsu ta fi yawa, kayan aro ba ya rufe katara. Inda na rabu da su shi ne zatonsu cewa duk mai ɗauko goge girma yake nema. Akwai masu ɗauko shi domin akwai amon da suke ji a kai wanda jita ba za ta iya bayarwa ba, kuma galibi ba manyan taurari ba ne, ƙungiyoyin gwaji ne na gefe. Irin waɗannan ba sa jiran mutum 80. Goge huɗu na gaske sun fi okestirar kwamfuta mai cika kunne, kuma duk wanda ya saba jin gogen fiyano a waƙoƙin situdiyo, sannan ya zauna kusa da mai goge na hannu ya ji ƙarar izga a kan tsirkiya, ya san abin da nake nufi.

Faifai biyu da suka fito a 2009 su ne hujjata. Na farko na Mono ne, ƙungiyar Tokyo da galibi ba ta rera waƙa, kiɗa zalla take yi. Sun ɗauki Hymn to the Immortal Wind a situdiyon Steve Albini da ke Chicago, da makaɗa 28, a kan tef, aka kuma bar ƙarar kujeru da alamar madugu a ciki ba a goge ba. Salon jitarsu shi ne karkarwa da sauri a kan amo guda har ya zama kamar dogon ja, don haka dama 'yar'uwar goge ce, suna narkewa cikin juna. Suna farawa da raɗa su ɗauki minti takwas ko goma kafin tsawa ta sauko, kuma a duk tsawon hawan ana jin celo. Aibinsa a kunnena shi ne zaƙi ya yi yawa a wasu wurare, kuma idan tsawar ta iso, masu tsirkiya suna nutsewa kamar kowa.

Na biyun ya fi nisa. Sunn O))) mutum biyu ne daga yankin Seattle, Stephen O'Malley da Greg Anderson, sun ɗauki sunansu daga wani kamfanin amfilifaya. Kiɗansu galibi babu ganga, jita ce da aka sassauta ƙwarai, amo ɗaya yana iya ɗaukar sakan 20 ko 30 yana gurnani kafin na gaba ya zo. A takarda, babu ƙungiyar da ta fi su rashin dacewa da okestira, tunda babu wanda ya kai su ƙara. Amma jinkirin nan ya kawar da matsalar lokaci gaba ɗaya, babu gudun da za a bi, babu kilik da zai ɗiga. Ya kuma buɗe wani abu: idan amo ya daɗe haka, kunne yana fara rarrabe 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. A Monoliths & Dimensions, wanda ya ɗauke su wajen shekara biyu, mai tsara kiɗa Eyvind Kang bai rubuta wani layi dabam ya ɗora a sama ba. Ya saurari abin da ke cikin gurnanin, ya raba wa kayan kiɗa, wannan ƙaho ya riƙe ɗa na uku, wancan goge ya riƙe na biyar, har kunne ya kasa gane inda lantarki ya tsaya da inda katako da tagulla suka fara. Bai nemi cikakkiyar okestira ba. Ya zaɓi abin da yake buƙata: manyan bes na tsaye, ƙahoni, algaitar Turawa, molon Turawa mai tsirkiya da yawa, ƙahon katantanwar teku, da ƙungiyar mata masu rera waƙa daga Vienna ƙarƙashin Jessika Kenney.

Kiɗa huɗu ne kawai a faifan. A na farko jitoci suna buɗewa da nauyin da aka san su da shi, sannan a hankali su janye, a bar bes na katako suna ƙara kamar ƙofar da ta tsufa, da muryar mawaƙi Attila Csihar can ƙasan maƙogwaro. A na biyu muryoyin mata ne a gaba, kuma ƙararrawa na katse komai a yi tsit kafin a sake farawa. Wannan tsit ɗin shi ne abin da ƙungiyoyin filin wasa ba sa iya bayarwa. Na ƙarshe, mai suna Alice, girmamawa ce ga marigayiya Alice Coltrane, gwanar kiɗan jaz, tsawonsa minti 16. Yana farawa da jita, bugu ɗaya sai dogon jira, kuma bayan kowane bugu, yayin da amon ke mutuwa, ƙahoni suna tasowa daga cikin wutsiyarsa su ɗauke shi su ƙarasa. A kowane zagaye rabon jita yana raguwa, na iska da tsirkiya yana ƙaruwa. Kafin a kai ƙarshe babu sauran gurnani, sai molo da goge a hankali, sai Julian Priester, wanda ya kaɗa da manyan makaɗan jaz irin su Sun Ra da Max Roach da Herbie Hancock, yana da shekara fiye da 70 a lokacin, yana busa kakakinsa mai zarya shi kaɗai har tef ɗin ya ƙare.